Yadda Za Ka Gane Mai Riƙe da Mulki a Japan Idan Kana Bin Labaransu

A cikin watan Satumba na 2025, muna zaune a majalisarmu ta bayan sallar isha'i a Gwammaja, rediyo ta kawo labarin cewa Firaministan Japan, Shigeru Ishiba, ya ce zai sauka alhali bai cika shekara guda a kan kujera ba. Wani dattijo da ya daɗe yana sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, wanda ya san sassan Toyota da Honda kamar yunwar cikinsa, ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, mutanen nan kullum cikin canjin shugaba suke, ba mu taɓa jin soja sun yi juyin mulki ba, kuma kayansu ba su fasa zuwa ba. To wa ke riƙe da ƙasar?" Na ce masa, "Alhaji, kafin a amsa wannan, sai an ajiye mudun da muka saba awo da shi tukuna."

Abin da za ka fara yi shi ne ka daina neman shugaban ƙasa, domin Japan ba ta da shi. Mu da muka tashi a ƙarƙashin tsarin da Najeriya ta ɗauka tun 1979 mun saba da cewa talaka yana dangwala wa mutum guda, wanda ya ci kuma ya riƙe mulki shekara huɗu cur ko majalisa tana ƙaunarsa ko ba ta ƙaunarsa. Dattawan da suka ga Jamhuriya ta Farko sun fi mu saurin gane Japan, saboda a wancan zamani Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan majalisa ne kamar sauran 'yan majalisa, rinjayen da yake da shi a zauren ne ya ba shi firaminista, yayin da Dakta Azikiwe yake zaune a matsayin uban ƙasa na girmamawa. Irin wannan tsari ne Japan ke bi, kuma yana rubuce a kundin tsarin mulkin da aka shelanta ranar 3 ga Nuwamba 1946, ya fara aiki ranar 3 ga Mayu 1947, lokacin da ƙasar ke hannun sojojin mamaya na Amurka bayan an cinye ta a Yaƙin Duniya na Biyu. Kundin da ya gabace shi, na 1889, ya danƙa mulki ne a hannun Sarki; sabon ya mayar da shi hannun jama'a.

Daga nan sai ka ajiye Sarki a matsayinsa. Sashe na farko na kundin ya kira shi alamar ƙasa da haɗin kan al'umma, sashe na huɗu kuma ya faɗa ƙarara cewa ba shi da iko a kan harkokin gwamnati. Sarki Naruhito ya hau gadon sarauta ranar 1 ga Mayu 2019, kwana guda bayan mahaifinsa Akihito ya yi murabus. Bakano zai ga abin a juye: a nan gwamna ne ke miƙa wa sarki sandar girma, a can kuwa Sarki ne ke naɗa Firaminista, sai dai sunan da majalisa ta aiko masa shi zai naɗa, ba shi da damar cewa bai kwanta masa ba. Haka yake buɗe zaman majalisa, ya karɓi jakadu, ya shelanta dokoki, duka bisa shawarar majalisar ministoci. Sarakunanmu suna iya fitowa a hawan Sallah su yi wa gwamnati nasiha a kan tsadar abinci ko tarbiyyar yara, amma Sarkin Japan yana nesanta bakinsa da duk abin da ke da warin siyasa, kuma shi da iyalansa ko ƙuri'a ba sa kaɗawa. Saboda haka idan ka ji labari ya ce Sarki ya rusa majalisa, ka san Firaminista ne ya yanke, Sarki hatimi ya buga. Wani amfanin sanin Sarki shi ne lissafin shekara, domin takardun hukuma sukan ƙirga daga hawansa: zamaninsa sunansa Reiwa, kuma idan ka ga Reiwa 7 a jikin takardar mota, ka ƙara 2018 ka sami 2025.

Inda ya kamata ka zuba ido shi ne majalisar ƙasa, wadda suke kira Kokkai, kuma kundin ya ce ita ce mafi girman hukumomin mulki, ita kaɗai ke yin doka. Zaure biyu gare ta. Majalisar Wakilai tana da kujeru 465, wa'adinta shekara huɗu, amma ana iya rusa ta kafin lokaci. Majalisar Mashawarta, wadda gidajen rediyonmu kan kira Majalisar Dattawa, tana da kujeru 248, wa'adin ɗan majalisarta shekara shida, ana sabunta rabinsu duk bayan shekara uku, kuma ba a rusa ta. Ɗan shekara 25 zai iya neman ta farko, ta biyu sai ɗan shekara 30, mai kaɗa ƙuri'a kuwa tun 2016 shekara 18 ta ishe shi. Kada sunan ya ruɗe ka, domin a Abuja sanata ake ganin ya fi ɗan majalisar wakilai nauyi, a Tokiyo kuwa Majalisar Wakilai ce mai wuƙa da nama.

Yana da kyau ka san yadda ake cika kujerun nan 465, domin a nan yawancin masu sauraro ke ɓata. Ranar zaɓe, wadda bisa al'ada Lahadi ce, mai zaɓe ba ya dangwala yatsa a jikin hoton jam'iyya. Farar takarda ake ba shi, ya shiga ɗan lungu inda aka manna sunayen 'yan takara, ya ɗauki fensir ya rubuta sunan wanda yake so da hannunsa. Wannan takarda ta mazaɓarsa ce, kuma irin waɗannan mazaɓu 289 ne, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, kamar yadda ake yi a Dala ko Fagge. Sannan a ba shi takarda ta biyu ya rubuta sunan jam'iyya, kuma da ita ake raba sauran kujeru 176 a shiyyoyi 11 gwargwadon abin da kowace jam'iyya ta samu. A ɗauka Arewa maso Yamma shiyya guda ce mai kujeru ashirin: jam'iyyar da ta sami rubu'in ƙuri'un shiyyar za ta tashi da kujeru wajen biyar, ko da ba ta zo ta ɗaya a ko'ina ba. Wannan ne ya sa ƙananan jam'iyyu ba sa mutuwa a can. Doka ta kuma yarda mutum ya tsaya a mazaɓa, sunansa kuma yana cikin jerin jam'iyya, don haka za ka ji an kayar da wani babban ɗan siyasa da daddare, gari ya waye ka gan shi ɗan majalisa. Babu maguɗi a ciki. Ta ƙofar rabo ya dawo, musamman idan tazarar da aka ba shi kaɗan ce. An kawo wannan tsari a gyaran 1994, aka fara aiki da shi a zaɓen 1996.

Yaƙin neman zaɓen kansa gajere ne, kwana 12 kacal ga Majalisar Wakilai, kuma an haramta bin gida-gida neman ƙuri'a. Mai neman kujerar mazaɓa yana ajiye yen (kuɗin Japan) miliyan 3, wanda zai yi asararsa idan bai sami kashi ɗaya cikin goma na ƙuri'un da aka kaɗa ba.

Da zarar an gama zaɓe, ka ɗauki alƙalami ka nemi lamba guda: 233. Ita ce rinjaye a Majalisar Wakilai, kuma wanda ya tara ta, shi kaɗai ko da abokan ƙawance, shi zai kafa gwamnati. Kowane zaure yana zaɓen Firaminista daga cikin 'yan majalisa, amma idan suka saɓa, kwamitin sulhu ya kasa daidaita su, zaɓin Wakilai ne ke tabbata. An ga haka a 2007, lokacin da Dattawa suka zaɓi Ichiro Ozawa, Wakilai suka zaɓi Yasuo Fukuda, Fukuda ya hau. Kasafin kuɗi ma sai an fara kai shi gaban Wakilai, kuma idan Dattawa suka riƙe shi kwana 30 ba su yanke ba, ya wuce ba tare da su ba. Yarjejeniya da wata ƙasa ma hukuncinta ke nan. Inda Dattawa ke da haƙori shi ne dokoki na yau da kullum, domin idan suka ƙi amincewa da ƙuduri, sai Wakilai sun sake zartar da shi da kashi biyu cikin uku na mahalarta kafin ya zama doka. Gwamnatin da ta rasa rinjaye a Dattawa, ba ta kuma da wannan kaso a Wakilai, za ta ci gaba da zama amma tafiyarta ta hawainiya ce. Wannan yanayi na daga cikin dalilan da suka sa Japan ta yi firaministoci shida tsakanin 2006 da 2012, kowannensu kusan shekara guda.

Sauke Firaminista ma ba ya bukatar dogon tsige irin namu, mai kwamitin bincike da takardun tuhuma. Idan Wakilai suka kaɗa masa ƙuri'ar yankan ƙauna, kwana goma gare shi: ko ya sauka da ministocinsa gaba ɗaya, ko ya rusa majalisar a koma ga jama'a. Yana kuma iya rusa ta ba tare da an taɓa shi ba, a lokacin da ya ga iska tana kaɗawa ta wajensa, shi ya sa da wuya majalisa ta cika shekara huɗunta. Tun da kundin ya fara aiki sau ɗaya tak, a 1976, aka yi zaɓe saboda wa'adi ya ƙare. Ranar rusawar tana da nata tsari: Babban Sakataren Majalisar Ministoci yana shigo da takardar Sarki a naɗe cikin ƙyalle mai launin shunayya, Kakaki ya karanta, 'yan majalisa su ɗaga hannu suna kirarin banzai, wato fatan tsawon rai, alhali a wannan daƙiƙa kujerunsu suka salwanta. Dole a yi zaɓe cikin kwana 40, sabuwar majalisa kuma ta zauna cikin kwana 30 bayansa.

Duk wannan a takarda yake, kuma wanda ya tsaya a nan bai amsa tambayar Alhaji ba. Amsar tana cikin jam'iyya guda, Liberal Democratic Party, wato LDP a taƙaice, wadda aka kafa a 1955, kuma tun daga lokacin ita ke mulki in ban da karo biyu: daga 1993 zuwa 1994, lokacin da gamayyar jam'iyyu ta kafa gwamnati ƙarƙashin Morihiro Hosokawa, sai daga 2009 zuwa 2012, lokacin da jam'iyyar adawa ta Democratic Party of Japan, wato DPJ, ta yi rinjaye. Tunda shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye shi ke zama Firaminista, zaɓen shugaban LDP, wanda ake yi duk shekara uku ko lokacin da mai kai ya sauka, shi ne a zahiri zaɓen shugaban gwamnati, kuma talakan da ba ɗan jam'iyya ba ba shi da ƙuri'a a ciki. Mai neman kujerar sai 'yan majalisa 20 na jam'iyyar sun tsaya masa. A zagayen farko ana haɗa ƙuri'un 'yan majalisa da na 'yan jam'iyya masu rajista a ba su nauyi ɗaya. Idan babu wanda ya haura rabi, biyun da ke gaba su sake karawa, a nan kuma 'yan majalisa ne ke da rinjaye, tare da ƙuri'a ɗai-ɗai daga rassan jam'iyya 47. Don haka mutum zai iya zama gwanin talakawa ya faɗi a zagaye na biyu saboda abokan aikinsa ba sa yinsa.

Ka gwada wannan a kan abin da ya faru da Ishiba, za ka ga komai ya fito fili. Ya hau a farkon Oktoba 2024, ya rusa majalisa nan take, LDP da abokiyar ƙawancenta Komeito suka rasa rinjaye a Wakilai, amma ya tsira saboda 'yan adawa sun kasa haɗuwa a kan mutum guda. A watan Yuli 2025 suka rasa rinjaye a Dattawa ma. Babu wanda ya tsige shi. 'Yan gidansu ne suka matsa har ya haƙura. Jam'iyya ta zaɓi Sanae Takaichi ranar 4 ga Oktoba, Komeito ta fice daga ƙawancen da ya faro tun 1999, Takaichi ta ƙulla sabo da jam'iyyar Ishin mai ƙarfi a Osaka, majalisa kuma ta zaɓe ta ranar 21 ga Oktoba 2025, ta zama mace ta farko a kujerar. An canza shugaban gwamnati ke nan ba tare da talaka ya je rumfar zaɓe ba.

A ganina, wanda ya ce wannan dogon riƙo da LDP ta yi wa mulki alama ce ta lafiyar siyasa ya yi gaggawa. Cikin LDP akwai ɓangarori da suka daɗe suna tafiya kamar gidajen siyasa, kowane da jagoransa da asusunsa, suna rabon ministoci a tsakaninsu, kuma Bakano ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda gidan siyasa ke aiki. Badaƙalar kuɗin da ba a bayyana ba da ta fashe a ƙarshen 2023 ta sa yawancin ɓangarorin sun sanar da rushe kansu, in ban da na tsohon Firaminista Taro Aso. Gadon kujera ma ya yi yawa. Shinzo Abe, wanda ya fi kowa daɗewa a kan mulki, jikan Firaminista Nobusuke Kishi ne, Shinjiro Koizumi da Takaichi ta kayar a zagaye na biyu kuwa ɗan Firaminista Junichiro Koizumi ne kuma mazaɓar mahaifinsa ya gada.

Sauran rabin amsar Alhaji, wato dalilin da ya sa kaya ba su fasa zuwa ba, yana wajen ma'aikatan gwamnati. Firaminista ne ke naɗa ministoci, yawancinsu dole su kasance 'yan majalisa, dukansu kuma farar hula, kuma babu tantancewa a gaban Dattawa irin wadda muka sani. Sai dai minista yakan yi shekara guda ko biyu a canza shi, alhali manyan ma'aikatan da suka shigo ta jarrabawa suna nan shekara da shekaru, kuma su ke rubuta yawancin ƙudurorin da ke zama doka. 'Yan jaridar Japan suna bambanta ɓangarorin nan biyu da sunan unguwa: idan suka ce Nagatacho suna nufin 'yan siyasa, domin a nan majalisa da ofishin Firaminista suke, idan suka ce Kasumigaseki suna nufin ma'aikatu. Tun 2014 an kafa ofishi a ƙarƙashin majalisar ministoci da ke kula da naɗin manyan ma'aikata, abin da ya ƙara wa Firaminista ƙarfi a kansu. Idan kana son sanin matsayin gwamnati a kan wani batu, maganar Babban Sakataren Majalisar Ministoci za ka nema, wanda bisa al'ada ke ganawa da 'yan jarida sau biyu a ranar aiki.

Kotu ba za ta ci maka lokaci ba. Kotun Ƙoli tana da alƙalai 15, suna ritaya a shekara 70, kuma tana da ikon soke dokar da ta saɓa wa kundin, ko da yake da wuya take yin haka. Abin lura shi ne takarda ta uku da ake ba mai zaɓe ranar zaɓen Wakilai, mai ɗauke da sunayen sababbin alƙalai, inda zai sa alamar giciye a kan wanda yake so a cire. Ba a taɓa cire kowa ta wannan hanya ba.

Kada kuma ka ɗauki Japan a matsayin tarayya. Tana da larduna 47, kowanne da gwamna da majalisa da jama'a ke zaɓa na shekara huɗu, haka ma magadan gari, amma suna aiki ne cikin dokokin da Kokkai ta yi, kuma yawancinsu sun dogara da kason harajin da Tokiyo ke rabawa. Sanin wannan yana kare mutum daga jita-jita. A watan Agusta 2025, lokacin taron TICAD na ƙasashen Afirka da Japan a Yokohama, hukumar raya ƙasashe ta Japan, wato JICA, ta haɗa garuruwan Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu don musayar al'adu, aka haɗa Najeriya da garin Kisarazu. Nan da nan labari ya bazu cewa an buɗe wa 'yan Najeriya biza ta musamman, matasa suka fara tambayar yadda ake cike takarda, gwamnatin Japan ta ƙaryata, a watan Satumba kuma JICA ta janye shirin. Wanda ya san tsarin da tun farko ya tambaya: wace ma'aikata ce ta faɗa? Biza tana hannun Ma'aikatar Harkokin Waje, izinin zama yana hannun hukumar shige da fice da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, kuma magajin gari ko hukumar agaji ba su da ikon ba da ko ɗaya.

Akwai batu guda da za ka riƙa ji yana dawowa, wato sashe na tara na kundin, wanda a cikinsa Japan ta yi watsi da yaƙi a matsayin hanyar warware rikici, ta kuma ce ba za ta riƙe sojan ƙasa ko na ruwa ko na sama ba. Duk da haka tun 1954 tana da abin da ta kira Rundunar Kare Kai, mai jiragen yaƙi da na ruwa, ga kuma yarjejeniyar tsaro da Amurka wadda aka sabunta a 1960. Gwamnatoci suna faɗaɗa aikin rundunar ne ta hanyar fassara da dokoki, kamar na 2015 da suka ba ta damar taimaka wa ƙasar da ke ƙawance da Japan idan an kai wa ƙasar hari a wasu yanayi. LDP ta daɗe tana son gyara kundin, don haka idan ka ji ana lissafin kashi biyu cikin uku bayan zaɓe, wannan ake nufi: gyara yana bukatar kashi biyu cikin uku na dukan 'yan kowane zaure, wato 310 a Wakilai da 166 a Dattawa, sannan a kai shi ƙuri'ar raba gardama ya sami fiye da rabi. Dokar da ta tsara yadda za a yi wannan ƙuri'a sai a 2007 aka yi ta, kuma tun 1947 ba a canza ko harafi ɗaya a kundin ba.